Ashe ba laifin sifikun motata ba ne

Wata uku ina zagin sifikun motar nan, ashe su bayin Allah ba ruwansu.

Akwai wata 'yar MP3 da yayana ya bar min, ba ta fi kwalin ashana ba, 'yar Beljiyam ce irin na hannun nan. A ciki na tara karatu da tafsirin azumi da tsofaffin waƙoƙi, kuma na fi son ta da waya a mota saboda ba wanda zai kira ya katse maka abu kana tsakiyar jin daɗi. Da iyafis lafiya lau take. Amma ina jona ta da wayar aux a rediyon mota sai ka ji kaman daga cikin rijiya malamin yake magana, sai na murɗa bolum kusan ƙarshe kafin in ji, in kuwa na sauke gilas a Ahmadu Bello Way a nan Kaduna to shi ke nan, ƙarar keke napep da hon sun cinye komai, ga wani shuuu da ke tashi a ƙasan sautin.

Abin da ya sa na tashi tsaye, ranar na ɗauko Hajiya za mu Zariya gaisuwa. Mun hau gadar Kawo ta ce in kamo mata labarai, ni kuma na manta bolum yana can sama, ina danna FM motar ta ɗauka kaman an kunna lasifikar biki a cikin kunnenmu. Hajiya ta saki carbinta tana salati, ta ce "Kai wai so kake ka kurmantar da ni ne?" Haƙuri na dinga bayarwa har Maraban Jos. To a nan ne ma ya kamata in gane, sifikar da ta iya wannan ihun ai ba ta mutu ba, amma kaina bai kawo ba.

Washegari na tafi Panteka da niyyar sayen sababbin sifiku har da amfilifaya. Wani dattijo mai gyaran rediyon mota ya saurare ni, ya kunna FM ya ji, ya sa CD ya ji, sannan ya ce "Alhaji mayar da kuɗinka aljihu, miƙo min 'yar abar." Ya haska ramin iyafis ɗin da tocilan waya, ya karɓi tsinken sakace ya shiga sakatowa a hankali, wallahi sai ga dunƙulen audugar aljihu haɗe da ƙurar hunturu ya fito, har kunya ta kama ni. Ashe kan wayar ba ya shiga har ƙarshe, da ma na lura ba ya yin ƙas ɗin nan in na tura. Ya ce kar in kuskura in sa allura ko wani ƙarfe, tsinke dai, kuma a kashe na'urar tukuna.

Sai ya duba wayar aux ɗin kanta. Kan nan mai milimita 3.5 iri biyu ne a kasuwa, akwai mai zobe baƙi biyu, akwai mai uku wanda aka yi don iyafis mai makirfo. Tawa mai uku ce, kuma wasu ramukan ba sa zama daidai da ita, sai sauti ya ragu ko muryar mai waƙa ta ɓace ka riƙa jin kiɗa kawai. Ya canza min da mai biyu, gajera.

An samu sauƙi amma ba a kai ba. Asalin matsalar ita ce ramin iyafis an yi shi ne don ya tura 'yan ƙananan sifikun da ke cikin kunne, wutar da yake fitarwa kaɗan ce, irin waɗannan ƙananan ko bolt 1 ba sa kaiwa, alhali na'urar CD ta gida tana ba da wajen bolt 2. Rediyon mota abin da ka ba shi shi yake ƙarawa, in ka ba shi kaɗan ka murɗa sama, har da shuuu ɗin zai ƙara maka. Ni kuma da wayona na bar bolum ɗin MP3 a rabi wai ina tattalin batir. Dattijon ya kai shi kusan ƙarshe, ya rage na motar, nan take abin ya canza.

Wani abin kuma da na gano da kaina da daddare ina latse-latse a setin, kayan da aka yi don kasuwar Turai suna zuwa da takunkumin ƙara. Tun 2013 ƙa'idarsu ita ce na'ura ta tsaya a desibel 85, wato ma'aunin ƙarfin ƙara, sai in kai ka amince ka wuce, kuma ko ka wuce kar ta haura 100, don kare kunnen mutane. Abu mai kyau ne in iyafis ne a kunnenka, amma a mota cikas ne kawai. A tawa takunkumin yana aiki, na kashe shi. Na kashe ikwalaizan da na sa a kan bes shi ma, don wasu na'urorin in ka ɗaga bes sai su rage sauran sautin gaba ɗaya gudun kar ya fashe.

Na ƙarshe shi ne wanda ya fi burge ni, kuma yana cikin rediyon motar tun ranar da na saye ta ban sani ba. Yawancin rediyoyin nan suna da wurin daidaita ƙarar kowace hanya daban, Pioneer suna rubuta SLA, Kenwood kuma Volume Offset, sai kana kan aux ɗin za ka shiga setin sauti ka ɗaga shi. Na ɗaga nawa mataki uku, yanzu in na tashi daga MP3 na koma Freedom 92.9 ko Supreme 96.1 ba wanda zai zabura. Kar dai ka kai shi ƙarshe in ka ji sautin ya fara karkarwa, sauko da ɗaya.

Masu modileta, wannan da ake sokawa a wurin kunna sigari tana tura sauti zuwa rediyon mota ta FM, ku ma ku duba tashar da kuka sa, in kun ajiye ta kusa da gidan rediyo mai ƙarfi a garin nan zai danne ku, ku nemi inda ba kowa tsakanin 87.5 da 108.

Saura abu biyu ban gama da su ba. In na sa MP3 ɗin a caji ina ji, akwai wani siririn kuka da ke tashi yana bin totur, dattijon ya ce wata 'yar na'ura ake sawa a tsakiyar wayar aux ta yanke shi, ni dai yanzu cire cajar nake yi. Sai kuma wani tafsiri da aka juyo daga kaset aka turo min ta WhatsApp, shi tun asali a ƙasa aka ɗauke shi, duk setin duniya bai ɗaga shi ba. Ƙanena ya ce in kawo memorin ranar Asabar zai bi da shi ta MP3Gain, manhajar daidaita ƙarar fayil, a kwamfutarsa, fayil 30 ne, na ce masa ni zan kawo tsiren.