Abin da tabaran VR ya koya mini game da tsoron jama'a

Duk mai fama da tsoron shiga jama'a ya san ba mutanen kaɗai ke wahalar da shi ba. Ni dai da zarar na buɗe baki a gaban taro sai in daina ganin kowa. Hankalina ya tattara kan muryata mai rawa, da zufar tafin hannuna, da siffar da nake raya wa kaina cewa ita mutane ke kallo. Masana halayyar ɗan Adam David Clark da Adrian Wells sun yi bayanin wannan tun 1995: mai larurar yakan zura wa kansa ido, ya ɗauka abin da yake ji a jikinsa shi jama'a ke gani.

Masaniyar halayyar ɗan Adam da ke duba ni ce ta kawo shawarar mu gwada tabaran VR, na'urar da ake ɗaurawa a fuska ta jefa mutum cikin duniyar da kwamfuta ta ƙera. Atisaye iri biyu muka yi.

Na farko wasan ɗigo ne. Fuskoki biyu za su bayyana na kamar rabin daƙiƙa, ɗaya a murtuke, ɗaya ba yabo ba fallasa, sai alama ta fito a gurbin ta biyun, ka danna da sauri. Ana so ido ya saba da barin fuskar barazana. Tushensa gwajin da masanin halayyar ɗan Adam Colin MacLeod da abokan aikinsa suka fitar a 1986. Na yi shi da zuciya ɗaya, amma ban ga ya taɓa rayuwata ba. Binciken ma ya rabu: gwaje-gwajen 2009 sun ba da fata, wasu na baya kuma, har da wanda aka yi da VR a Jami'ar Stockholm a 2019, ba su nuna ya fi atisayen bogi da aka kwatanta shi da shi ba.

Na biyun ne ya yi mini aiki. Sai in tsinci kaina a ɗakin taro, mutane zaune suna jira in yi magana. Na san sarai ba na gaske ba ne, amma gabana ya faɗi kamar kullum, kuma wannan faɗuwar gaban ita ake nema. Masaniyar takan ce in fara jawabi ina sauraron kaina, ina lura da kowane numfashi. Can sai ta ce in juya: wa ke gyaɗa kai, rigar wa ce shuɗiya, me nake son na bayan can ya fahimta? Bayan kowane zagaye in faɗi yawan fargabata daga sifili zuwa 100. Mutanen ɗaya ne, jawabin ɗaya ne, amma fargabar takan sauka duk lokacin da idona ke waje. An sha gaya mini haka da baki. Sai da na ji bambancin a ƙirjina na yarda.

Akwai wani abin da ya fito fili. Ashe ina da dabarun ɓuya da ban san da su ba: haddace jimla kafin in furta, kallon bango, magana da sauri don in gama. A cikin tabaran babu wanda zai raina ni, don haka na iya ajiye su ɗaya bayan ɗaya in ga me zai faru.

Na'urar tana da nata cikas. Takan sa jiri, dole a riƙa hutawa, kuma mutanen cikin wadda na yi amfani da ita ba su yi mini tambayar da ban shirya mata ba. Shi ya sa ba na ba kowa shawarar ya saya ya kulle ɗaki yana yi shi kaɗai. Hukumar NICE ta Ingila, mai tsara ƙa'idojin kula da lafiya, a ƙa'idojinta na 2013, ta sa maganin gyaran tunani da ɗabi'a tare da ƙwararre a sahun gaba, kuma a cikinsa nawa atisayen ya zauna. Kowane zama da aikin gida yake ƙarewa: in yi tambaya a taron wurin aiki, in riƙe launin idon wanda na gaisa da shi, in dawo in faɗi abin da na gani. Har yau muryata takan yi rawa a farkon magana, amma yanzu ina iya maimaita amsar da aka ba ni.