Abin da zaman shago a Kantin Kwari ya koya mini

Duk mai son gane kasuwancin Kantin Kwari, babbar kasuwar yadi ta Kano, to ya fara da bashi. Dilolin atamfa da shadda da leshi da ake lodawa daga Kano zuwa Maraɗi da Damagaram da Njamena, da yawansu wani abu aka bayar daga cikin kuɗin, saura sai an sayar. Babu lauya, babu takardar yarjejeniya, sai wani littafi mai kauri da maigida ke rubuta suna da adadi a ciki. Da na fara zama a shagon ubangidana, abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne yadda yake ware wanda zai ba kayan miliyoyi daga wanda zai ce wa, "Alhaji, a yi haƙuri, sai dai hannu da hannu." Sai daga baya na fahimci su ma masu sarin suna yi mana irin wannan awon, kuma da ƙananan abubuwa suke yin sa.

Akwai wata Hajiya da ke zuwa mana daga Maraɗi, ta Jibiya da Katsina. Takan iso a gajiye, ƙura har gashin ido. Ubangidana ba ya yarda a taɓa zancen farashi sai ta huta. "Kai, kawo wa Hajiya ruwa, ka sa mata wayarta a caji, ka nuna mata inda za ta yi salla." Sannan ya tambaye ta jikin ɗanta da ta ce ba shi da lafiya a zuwanta na baya. In sefa ta riƙo, ni ake haɗa ta da ni zuwa Wapa wurin ɗan canjin da muka yarda da shi, ko sisi ba ma samu a ciki. Wata rana ta zaɓi atamfa har an ɗaure, sai ya ce a kwance. Ya zaro turmi guda ya warware shi a gabanta, ya ɗora yatsa inda rini ya ɗan zuba wajen baki. "Hajiya, wannan ba zai yi miki ba. In kin kai gida, ke za a ga laifi." Da ya yi shiru, ba za ta gani ba sai mai saye ya dawo mata da shi. Daga ranar ta daina warware kayanmu kafin a ɗaure, abin da take kwashe rabin yini tana yi a wasu shagunan.

Amma darasin da ya fi zauna mini bai shafi masu kuɗi ba. 'Yan dako ne. Sabon yaron shago yakan ɗauke su kamar ba kowa ba, ya kira su da "kai" yana nuni da baki. Ubangidana ya san sunayensu, ya san garuruwan da suka baro, dattijon cikinsu Baba yake ce masa. Ba ya cewa ɗan dako ya dawo anjima, yakan tuna mana da hadisin biyan ɗan ƙwadago kafin guminsa ya bushe. In azumi ya zo, akwai kasonsu a kunu da ƙosan shago. Ni a ganina ko da babu wata riba a ciki, haka ya kamata a yi wa mutumin da ke ɗaukar dila a ka cikin ranar Kano. To, ga shi kuma akwai ribar. Baƙon da ya sauka bai san lungunan kasuwa ba, ɗan dako yake tambaya inda zai sami shadda ta ƙwarai. A daminar 2022 da ruwa ya shiga kasuwar ya lalata wa mutane dukiya, 'yan dakon ne suka riga mu isa ƙofar shagon, ana buɗewa suka shiga ɗaga kaya sama ba tare da an yi cinikin ladansu ba.

Shekarar 2023 ta gwada kowa. A farkonta sauya fasalin naira ya sa takardun kuɗi suka ɓace, tiransifa tana maƙalewa, mutum ya yini a shago yana jiran alat. A irin wannan yanayin ubangidana ya sha ce wa wanda ya sani ya tafi da kayansa kar mota ta bar shi, kuɗi sa shigo. Ana cikin farfaɗowa sai ga juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, aka rufe iyaka, Najeriya ba ta buɗe nata ɓangaren ba sai Maris ɗin 2024. Mutanenmu na can suka maƙale da bashinmu a kansu. Na sha jin yana kiran su ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi iyali, ya tambayi tsadar abinci da rashin wutar lantarki, ya yi sallama bai ambaci ko kwabo ba. Wasu da kansu suka nemi hanyar turo abin da ya samu ta hannun 'yan canji. Da hanya ta buɗe, shagonmu suka fara sauka.

Ba duka suka biya ba. Akwai wanda ya sha ruwanmu, ya ci abincinmu, ya tafi da kaya, har yau layinsa a kashe. Shi ya sa littafin nan bai taɓa barin aljihun tebur ba, kuma sabon mutum da kaɗan ake fara gwada shi, komai daɗin bakinsa.

Yanzu ciniki da yawa ya koma WhatsApp, mai saye yana Agadas ko Garwa bai taka Kano ba. Ina ganin matasa irina suna tura gaisuwar Juma'a ga mutum ɗari a lokaci guda, minti biyu kuma hoton kaya ya biyo baya da farashi. Masu saye ba yara ba ne, sun san gaisuwar da aka yi domin su da wadda aka yi domin aljihunsu. Abin da na ga yana riƙe mutum a waya shi ne ka fito waje da yadin ka ɗauki bidiyonsa a hasken rana don ya ga launinsa na gaskiya, ka faɗa masa in ka san farashi zai sauko mako mai zuwa, ka ba shi lambar direba da sa'ar da mota ta tashi daga tasha, in dare ya yi kuma ka kira ka ji ko kayan sun isa lafiya.