Munduwar Kaka a kan sikeli

Alhamis. Tun bayan isha'i na kwanta, barci ya ƙi zuwa, shi ya sa na tashi na ɗauko waya.

Safiya ba wani labari. Koko da ƙosai, wuta ta ɗauke wajen ƙarfe tara, Auta ya sake mance littafinsa a gida. Da hantsi sai ga Goggo da ƙullin tsumma a hannu. Tun kafin ta zauna na gane shi, wanda yake ƙasan adudun Kaka ne. Ta ce in yafa mayafi in raka ta kasuwar Dole wurin maƙerin fari. Bikin Ƙarama saura wata biyu, ita kuwa Ƙarama ta ce ba za ta iya da waɗannan kayan nauyi ba, a narkar a ƙera mata siraran awarwaro da 'yan kunne.

Abin da ke cikin ƙullin ba yawa. Zobba uku, gidan laya, abin wuyan Agadas wanda Abzinawa ke kira tanaghilt, sai munduwa guda ɗaya. Da biyu ne. Ɗayar ta tafi a yunwar 1984, Kaka ta sayar ta auno hatsi. Su Inna har yau in suka tuna tuwon shekarar sai su yi shiru.

Duk hanya ina shirya abin da zan faɗa wa maƙerin. Na sa a raina shi zai goya mini baya, tunda dattijo ne, Ba'abzine, kuma ƙira gadonsa ce. Muka same shi zaune a ƙasa, gawayi da zuga-zugi a gefe, 'yar maƙera kafe a gungume. Ya ɗauki munduwar ya goga da yatsa, ya ƙwanƙwasa ta ya kasa kunne, sannan ya aza a sikeli.

Ya ce, “Hajiya, wannan azurfar liyari ce.”

Ya laluba battarsa ya fito da kwabo ɗaya mai faɗi, da hoton wata mace mai jiki, sarauniyar Ostiriya, Mariya Taresa. A jiki an rubuta 1780. Ya ce duk wanda na gani shekarar ke nan a jikinsa, ko an buga shi shekara ɗari bayan haka. Nauyinsa giram 28, kuma irinsu ayari ya riƙa ƙetaro Sahara da su, kakanninsa suna narkarwa suna ƙera wa mata kayan ado.

Nan na samu ƙofa. Na ce, “To Baba, abu mai tarihi haka ai ba ka sa shi a wuta ba ko?”

Ya dube ni ya yi murmushi. “'Yata, ita ma ai wani abu aka sa a wuta aka same ta. Azurfa ba ta zama wuri ɗaya. Uwa ta sa, ta tsufa, a kawo mana mu sake wa ɗiya daidai hannunta. In fari ya zo a sayar. Haka muka taras.”

Goggo ta kalle ni, irin kallon nan na kin ji ko. Ni kuwa jikina ya yi sanyi. Maganarsa gaskiya ce, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Kaka ba ta taɓa ɗaukar kayan nan abin ajiyewa a kalla ba. Su ne rumbunta, su ne abin da ba mai taɓa mata, ko miji.

Sai ya kai hannu kan abin wuyan. Ya juya bayansa, ya matso da shi kusa da ido, ya daɗe bai ce komai ba. Ashe akwai wasu 'yan ɗigo da zane da ban taɓa lura da su ba, ni da na yi wasa da shi ina ƙarama. Ya ce tifinag ne, rubutun Abzinawa, alamar maƙerin da ya yi shi. Ya bayyana mini yadda ake yi: a fara siffanta shi da kakin zuma, a lulluɓe da yumɓu, a gasa har kakin ya tsiyaye, a zuba narkakkiyar azurfa a gurbin. In ta huce dole a fasa yumɓun kafin a fitar, don haka ba guda biyu da suke fitowa iri ɗaya. Ya ce Agadas da nata, Ingal da nata, Ifarwan, Tawa, har mu Damagaram, ana lissafa 21.

Ya tura shi gaban Goggo. “Wannan ku koma da shi, Hajiya. Mai hannun nan ba ya duniya.”

Goggo ta ce to a fara da munduwar. Ni kuma ban ce uffan ba. Na tsaya kamar an ɗaure mini baki har ya naɗe ta a takarda ya sa a batta.

Da la'asar na tura wa Yaya hoto can Aljeriya. Ya ce shi ma ya ga irin haka wurin Kabilawa, mutanen tsaunukan arewacin ƙasar, kayan azurfar yankin Beni Yanni da ake wa ado da murjani da launin shuɗi, kore da rawaya. Akwai wani babban maɗauri mai kewaye, tabzimt, da mace ke sawa a goshi in ta haifi namiji. Ya ce can ma 'yan mata sun fi son zinariya yanzu. Ban amsa masa ba.

Miyar kuka ta yi gishiri. Auta ya ci kwano biyu duk da haka.

Ina ta tuna hannun Kaka in tana tankaɗe, munduwar na zamewa zuwa gwiwar hannu tana mayar da ita. Hannu ɗaya da ita, ɗayan wayam, kuma ba ta taɓa cewa a sayo mata wata ba. Ƙarama ba ta san wannan ba, lokacin da Kaka ta rasu ko yaye ta ba a yi ba. Kuma ni ban taɓa zaunar da ita na faɗa mata ba.

Baba maƙeri ya ce sai Asabar zai hura wutar narki. Gobe in an sauko daga masallaci zan leƙa ɗakin Ƙarama.