Asabar ɗin da na ware wa gem

Tun ranar Laraba na yi shela a gida cewa Asabar ɗin nan tawa ce. Ba inda za ni, ba wanda zan gani, ni da tibi ne daga hantsi har la'asar. Uwargida ta dube ni ta ce, "Allah ya kai mu, Yallaɓai," da muryar nan tata ta wadda ta san ƙarshen zance tun ba a fara ba.

Bayan asuba ban koma ba. An kwana ana ruwa, gari ya yi luf, kuma ga wuta, abin da ba a saba ba, don a unguwarmu hadari na haɗuwa ake ɗauke ta. Na kunna PS4, na'urar gem ɗin da na saya na hannu a 2019, na jawo biro da bayan wani katin ɗaurin aure, na ce yau sai na san yawan abin da na tara. Faifai 11 a durowa. Waɗanda na saya ta intanet ko aka ba ni kyauta a akawun ɗina, 19. A laftof kuma akwai 13, yawancinsu irin na kyautar da kamfanin gem na Epic ke rabawa duk ranar Alhamis, waɗanda nake shiga in karɓa kamar mai karɓar rabon zakka, in rufe ban ko duba ba. Jimla 43, duk ban ga ƙarshensu ba. A ciki, 26 ko buɗe su ban taɓa yi ba.

Sai na yi wani lissafin da da ma ban yi shi ba. Ina fita aiki bakwai da rabi, ba na shigowa sai gab da magariba, in an ci sa'a da cunkoson Kawo a nan Kaduna. In aka cire abinci, hirar gida, aikin makarantar yarinya da gyangyaɗi, abin da ke rage min bai fi awa huɗu a mako ba. Labarin Red Dead Redemption 2 kaɗai, ba tare da ka tsaya farauta ko kamun kifi ba, yana cin kusan awa 50. Wata uku ke nan. The Witcher 3 ma haka. Elden Ring kuwa, da irin hannuna na yanzu, sai dai a bar wa magada. Kuma watan azumi ba na taɓa gem, a cire shi daga shekarar. Na ajiye biron.

Ƙarfe takwas da 'yan mintuna Hajiya ta kira. "Kana dai sane da ɗaurin auren 'yar gidan Baffanka ko? Sha ɗaya ne, a Sultan Bello." Na ce ina sane, Hajiya. Na juya katin da nake rubutu a bayansa, ashe shi ne.

Aka ɗaura, aka gaisa, aka yi hotuna. Daga nan saƙon uwargida ya shigo: tunda na riga na fito, in biya kasuwa. Tumatur, attaruhu, kifi, da gas da ya ƙare. A hanyar dawowa na bi ta Ahmadu Bello Way, na wuce shagon da nake canjin faifai. Ka kai tsohonka, ka yi ciko, a ba ka wani. Mai shagon ya hango ni ya ɗaga hannu, na ɗaga masa ban tsaya ba, na ji kamar na ci wata jarrabawa.

Tun daga nan har gida tunanin wani gidan gem nake yi, a Tudun Wada, lokacin muna sakandare. Ɗaki ne guda, benci biyu, tibi uku masu ƙeya, PS2, da fanka da ba ta kai iska ko'ina. Naira 20 wasa ɗaya na gem ɗin ƙwallo Winning Eleven, wanda aka ci shi zai biya ya kuma tashi. Kowa Brazil yake so, kowa sai ya ɗauko Roberto Carlos daga baya ya kai shi gaba saboda gudu da ƙarfin shot. Ina tara kuɗin tara na kwana uku don in yi minti goma. Gem ɗaya muka sani, kuma mun san shi ciki da bai, har wane hannu ne madanninsa ke maƙalewa mun sani, ana rige-rigen guje masa. A lokacin da wani zai ce min wata rana zan mallaki 43 a ɗakina, ba mai cewa in tashi, da na ce aljannar duniya ke nan. Yau ga su, ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Ina jin yawancin abin da na saya, wancan yaron na Tudun Wada nake saya wa. Shi ne ke ganin an rubuta rangwamen kashi 70 ya ce Yaya ɗauki, ba za ka sake samun haka ba. Shi yana da lokaci, ba shi da ko sisi. Ni kuma in biya.

Kuma ba araha ba ce yadda nake yaudarar kaina. Akawun ɗina na Amurka ne, kamar na yawancinmu, sai na sayi katin dala a loda. Kafin tsakiyar 2023 dala a farashin gwamnati ba ta kai naira 500 ba, a 2024 ta haura 1,500. Gem ɗin dala 15 da nake kira "kyauta" ya fi kuɗin cefanen da na yi yau. Faifai ko ba komai ka mayar a ba ka wani abu. Na intanet in ka saya ka saya, yana nan zaune da kai.

Sai ƙarfe biyu da rabi na samu zama, bayan azahar da abinci. Na ce Red Dead zan koma, tunda ita ta cinye kusan giga 100 a cikin 500 ɗin na'urar, ya kamata ta biya kuɗin haya. Rabona da ita wata biyar. Ta buɗe, ga jarumin gem ɗin, Arthur Morgan, tsaye a cikin taɓon garin Valentine, shekarar 1899, ga dokinsa ɗaure. Ban san me ya kawo ni garin ba, ban tuna wa nake nema ba. Na matsa kusa da dokin zan hau, maimakon madanni mai alwatika na danna mai da'ira. Sai kawai bawan Allah ya dunƙule hannu ya zabga wa dokin naushi. Dokin ya yi haniniya ya tsorata. Wannan dokin fa na yi makonni ina goge shi ina ba shi abinci. Na nufi wani mutum zan gaishe shi don in huce, ashe bindiga na hannuna, na auna shi. Kafin in ankara gari ya rikice, 'yan doka na bina, ni kuma ina neman madannin gudu.

Abin da mai ɗan lokaci ke fama da shi ke nan, kuma lissafin safe bai nuna shi ba. Awa huɗun nan ba a dunƙule suke zuwa ba. Minti 30 yau, minti 40 jibi, sannan sati uku shiru. Manyan gem ɗin nan kuma an gina su ne don wanda zai zauna a cikinsu kullum, ya riƙe sunaye, ya riƙe hanya, yatsunsa su haddace madannai. In ka yi nisa da su sai ka sake gabatar da kanka. Rabin zamana na yau a karatun taswira da tuna baya ya tafi. Shi ya sa kullum a ƙarshe ƙwallo nake komawa: minti 12, an ci ka ko ka ci, ka kashe ka kwanta.

Huɗu saura aka ɗauke wuta. Na leƙa janareta na dawo. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, dokar gidan nan ita ce ba a tayar da shi sai don firiza ko baƙi, kuma da bakina na kafa ta.

Bayan la'asar Auta ya zo, yana hutun makaranta. Ya ga faifai baje a kan kafet, ya tsuguna yana juya su ɗaya bayan ɗaya.

"Yaya, wannan ko ledarsa ba ka cire ba."

"Ina sane."

"Ghost of Tsushima ne fa. Wallahi abokina kwana tara ya yi ya gama shi."

"Abokinka yana da mata?"

Ya yi dariya har da kwanciya. Na ce ya zaɓi biyar ya tafi da su, tunda akwai na'ura a gidan abokin nasa, amma da sharaɗi: kada ya kuskura ya ba ni labarin ƙarshen ko ɗaya. Ya ce, "Yaya, ai ko na faɗa maka, kafin ka kai wurin ka manta." Na ɗaga hannun gem zan jefe shi, na tuna kuɗin sabo.

Da ya tafi na zauna da katin nan na yi abin da ya kamata in yi tun bara. Na ja layi a kan duk wanda na san har ga Allah ba zan buga ba. Wasu don kowa na maganarsu na saya. Wasu na gwada awa biyu ba su shige ni ba, amma na bar su suna min kallon bashi, wai kada kuɗina su tafi a banza, alhali sun riga sun tafi tun ranar da na biya. Na soke 22. Na ƙudurta kuma gem ɗaya a lokaci ɗaya, taura biyu ba ta tauno, kuma gajere zan fara da shi. Red Dead za ta jira hutun ƙarshen shekara, in je in ba dokin haƙuri a tsanake.

An dawo da wuta bayan isha'i. A ƙasan jerin na ga Journey. Sony ce ta raba shi kyauta a watan Afrilun 2020, lokacin kullen korona, sa'ad da Kaduna ta yi tsit muna zaune a gida ba fita. Ko a lokacin da nake da yini sukutum ban buɗe shi ba, GTA V na sa a gaba. Duka-duka tsawonsa kamar awa biyu ne. Ba magana a ciki, ba taswira, madannai biyu ne ko uku. Wani mai jan mayafi ne a tsakiyar rairayi, ga dutse can nesa da haske a kansa, ka nufe shi kawai.

'Yata ta fito da kayan barci ta haye cinyata. "Abba, ina za shi?" Na ce dutsen can. "Mamansa tana can?" Na ce mu je mu gani. Na miƙa mata hannun, na riƙe yatsanta a kan sandar hagu, ta gangaro da shi daga saman tudun yashi yana sulu, ta ƙyalƙyale da dariya ta ce a sake. Muka sake sau shida. Dutsen bai matso ko kaɗan ba.

Uwargida ta leƙo daga ƙofa. "Yallaɓai, Asabar ɗin taka ta yi kyau?" Na ce ana kai. Ta ce in tuna gobe akwai suna a Rigasa, bakwai na safe.

Yarinyar ta yi barci a jikina wajen goma saura, hannun gem ɗin na kan cikinta. Mun yi minti 45, na ga alamar mun kusa rabi. Na zare shi a hankali na sa a caji. Katin ɗaurin auren na ninke shi na tura ƙarƙashin na'urar, saura 16 a jiki, kuma ta sa na yi mata alkawarin ba zan kai dutsen ba sai tana nan.