Ranar Litinin da ta rage mini a birnin Rum

Kwas ɗin da ya kai ni Italiya na makonni biyu ne, a kan yadda ake rage asarar ruwa a bututun birni, kuma da aka rufe shi ranar Juma'a sai na gutsuri 'yan kwanaki daga hutuna na shekara domin in ga gari, tunda ba kullum ma'aikaci irina yake samun wannan dama ba. Asabar da Lahadi sun tafi a wuraren da kowane baƙo yake zuwa, wato Kolosiyam, tsohon filin wasan Rumawa, da kufan da ke kewaye da shi da kuma dandalin Fadar Vatikan. Jirgin da zai mayar da ni gida sai safiyar Talata, saboda haka Litinin ta rage mini cur ba tare da wani shiri ba. Na ɗauka zaɓen inda zan je ba zai ci mini minti goma ba, amma sai da ya cinye mini daren Lahadi gaba ɗaya.

Birnin Fulorans na fara sa wa rai, domin jirgin ƙasa mai gudu yana kai mutum can daga tashar Termini cikin kusan sa'a ɗaya da rabi. Har na buɗe waya zan biya kuɗin tikiti, sai dattijon da ke karɓar baƙi a masaukinmu ya tambaye ni abin da zan je gani. Da na ce masa gidan zane-zane na Uffizi da mutum-mutumin Dawuda na Michelangelo, sai ya girgiza kai ya shaida mini cewa duka wuraren biyu a rufe suke ranar Litinin, haka ma kufan Ostiya, tsohuwar tashar jiragen ruwan Rumawa, wadda ita ce zaɓina na biyu saboda kusancinta. Na ji kunya ƙwarai, ba don rashin sanin ba, sai don makonni biyu na yi ana nanata mana cewa injiniya ba ya zana aiki kafin ya auna fili, ga ni kuma ina shirin kashe kuɗin guzuri a kan garin da ban ko tambayi ranar da yake buɗe ƙofofinsa ba.

Abin da ya rage shi ne Pompei, garin da dutsen Vesuvius mai aman wuta ya binne da toka a shekara ta 79 miladiyya, wanda shi a buɗe yake. Wani abokin karatuna daga Jamhuriyar Nijar ya riga ya yanke shawarar zuwa, yana kuma son abokin tafiya. Ga Napoli a kan hanya, garin da ƙannena a gida suka fi sani a duk Italiya saboda Victor Osimhen da kofin da ƙungiyar ta ɗauka a 2023, kuma tun kafin in taso suke roƙon in kawo musu riga. Ko ta fuskar sana'ata ma Pompei ba abin rainawa ba ne, domin har yanzu ana ganin ɗakin da ake raba ruwa zuwa unguwanni da bututun dalma da ke bin gefen tituna.

Sai na ɗauko takarda na yi lissafin da muka saba yi a aji, inda ake rubuta ruwan da ya shiga bututu a gefe guda, a cire wanda ya zube a hanya, a ga abin da ya isa gidajen mutane. Daga masauki zuwa tasha da jiran jirgi, kusan sa'a guda. Daga Rum zuwa Napoli, sa'a ɗaya da 'yan mintuna. Daga nan a sauka a nemi ƙaramin jirgin Circumvesuviana, wanda yake tsayawa tasha-tasha, a yi fiye da rabin sa'a kafin a kai bakin ƙofa, sannan a bi layin tikiti. Zuwa da dawowa sun doshi sa'a 6 a cikin yinin da bai wuce sa'a 12 ba, abin da ya saura kuma za a raba shi tsakanin gari mai faɗin hekta fiye da 60, da cin abinci, da salla, da Napoli. Hukumar ruwan da rabin abin da ta tura yake ɓacewa a hanya, a ajinmu sunanta majinyaciya. Ban da haka, tikitin jirgi mai gudu yana ƙara tsada idan aka saye shi a ƙurarren lokaci, kuma duk wata tangarɗa a hanyar dawowa tana iya taɓa jirgina na safe.

Duk da haka ba lissafin ne ya yanke hukunci ba, maganar abokina ce. Da ya ga ina ja da baya sai ya ce, "Haba Injiniya, ka zo har Italiya ka koma ba ka ga Pompei ba, me za ka faɗa wa mutane?" Ya faɗe ta ne don ya ƙarfafa mini gwiwa, amma ita ta nuna mini cewa tun farkon daren ina zaɓe ne don labarin da zan bayar da hotunan da zan tura, alhali akwai wurin da wani malaminmu ya ambata sau ɗaya a tsakiyar lacca, na rubuta sunansa a gefen littafi na manta. Wurin shi ne Parco degli Acquedotti, filin shaƙatawa a kudu maso gabashin birnin inda tsofaffin magudanan ruwan Rumawa suka ratsa, ba shi da tikiti, ba shi da ranar rufewa, kuma jirgin ƙarƙashin ƙasa na layin A yana kai mutum kusa da shi cikin ƙasa da rabin sa'a.

Na isa da hantsi, babu kowa sai masu motsa jiki da masu yawo da karnuka. Magudanar da ake kira Aqua Claudia ce ta fi ɗaukar ido, jerin bakuna na manyan duwatsu masu siffar bakan gizo, wasu sun haura mita 20, suna tafiya a miƙe cikin fili har su katse inda zamani ya ci su. Sarki Caligula ne ya fara ta a shekara ta 38, Claudius ya kammala a 52, tana ɗauko ruwa daga kwarin kogin Aniene, tafiyar kusan kilomita 69, mafi yawanta a ƙarƙashin ƙasa. Wannan shi ne abu na farko da hotuna ba su taɓa gaya mini ba, cewa bakunan da ake yabo ɗan guntun aikin ne kawai, an ɗaga su ne domin ruwan ya shiga birni da tsayin da zai iya kaiwa kan tuddai, tunda babu injin tura ruwa, gangara ce kaɗai take aiki. A saman ramin Claudia kuma an ɗora na wata magudanar, Anio Novus, ruwa biyu a kan ƙafafu ɗaya, dabarar rage kuɗin gini da duk ɗan kwangila zai gane. Na yi fiye da sa'a 3 a wurin, ina bin bakunan ɗaya bayan ɗaya, ina duba inda aka yi musu tokara da jan bulo daga baya saboda sun fara gajiya, kuma a ƙarƙashin wata bishiya na yi sallata ta ƙasaru ba tare da kowa ya waiwayo ba.

Tokarar nan ce ta sa na bi magudanar zuwa cikin gari, har Porta Maggiore, babbar ƙofar da ruwan yake bi ta kanta, inda aka sassaƙa rubutu uku da Latinanci, na karanta fassararsu a waya. Na sama na Claudius ne, yana shelar cewa shi ya kawo ruwan da kuɗinsa. Na tsakiya na Sarki Vespasian ne, na shekara ta 71, yana cewa ya gyara magudanar bayan ta yi shekara 9 a lalace ba ta kawo ruwa. Na ƙasa na ɗansa Titus ne, na shekara ta 81, shi ma gyara. Ashe aikin da duniya take buga misali da ƙarkonsa bai wuce shekara 10 da ƙaddamarwa ba ya tsaya, kuma abin da ya sa ya daɗe shi ne an samu waɗanda suka ɗauki gyara da daraja har suka rubuta sunansu a kansa. Na tuna rijiyoyin burtsatse da na sa hannu aka karɓa, kowace da allon ƙaddamarwa, babu ko ɗaya mai allon wanda ya gyara ta.

A nan ne kuma sunan Frontinus ya zauna mini, mutumin da aka naɗa shugaban kula da ruwan Rum a shekara ta 97. Da ya kama aiki bai yarda da alƙaluman da ya tarar a ofis ba, ya sa aka auna ruwan a mafari da kuma inda ake raba shi, ya ga ba su dace ba, ya bi sawu ya gano masu huda magudana ta bayan fage da ma'aikatan da ake haɗa baki da su. Darasin da aka ɗauko mu daga ƙasashe daban-daban don mu koya da kwamfuta ke nan, wani ya riga ya rubuta shi kusan shekara dubu biyu da suka wuce.

Da la'asar na leƙa maɓulɓular Trevi, wadda har yau take shan ruwa daga Aqua Virgo ta shekara ta 19 kafin haihuwar Annabi Isa, amma cunkoso bai bar ni na daɗe ba. Na cika gorata a ɗaya daga cikin famfunan titi da suke kira nasoni, masu zuba dare da rana kyauta, na saya wa ƙannena rigar Napoli a wani shago kusa da tasha, na koma masauki kafin magariba.

Abokina ya dawo bayan goman dare, ƙafafunsa sun kumbura, amma yana cike da murna, kuma hotunan da ya nuna mini sun sa na ji ɗan kishi, domin Pompei ta cancanci wahalar da ya sha, har yau kuma ban gan ta ba. Da na koma ofis, rahoton kwas ɗin da na miƙa yana da shafi guda da ba ya cikin manhaja, inda na nemi a ware wa kowane sabon aiki kasafin gyara na shekara 10 tun ranar da aka amince da shi. Shugaban sashenmu ya karanta, ya tambaye ni ko a aji aka koya mana wannan, na ce masa a jikin wata ƙofa na karanto shi, ya yi dariya ya tura takardar sama.