Yadda na koyi kare injin jirgin ruwa daga ƙanƙara

Ranar wata Asabar cikin hunturun bana, hazo ya rufe Maradi, muna zaune bakin garaji muna jiran shayi ya nuna, sai ƙaramin yaran shagona ya dawo daga wurin mai sayar da ƙanƙara riƙe da wata kwalba da ta dare gida biyu. Ya ce, "Maigida, dubi ikon Allah. Ruwa ne kawai a ciki, an manta da ita a firiji, ya fasa ta." Na karɓa na juya ta a hannuna. Irin wannan tsagewar na taɓa gani a jikin ƙarfe, kuma ni na jawo ta.

Shekara shida na yi a Girinsboro, jihar Karolina ta Arewa a Amurka, garin da ƴan Nijar suke da yawa. Da sana'ata ta kanikanci na tafi, na samu aiki wurin wani dattijo mai gyaran ƙananan jiragen ruwa. A can mafi yawan masu jirgi da sanyi ya kama sai su tsiyaye injin, su lulluɓe jirgin, sai bazara. Amma akwai masu kamun kifi da ba su san hutu ba, dattijon nan yana cikinsu. Tafkunan yankin, irin su Norman, ba sa daskarewa su rufe. A Janairu da rana za ka samu digiri 8 ko 9, dare ya yi ya sauka ƙasa da sifili, wani lokaci har 10 ƙasa da sifili. Wahalar ke nan: jirgin da ka shiga ruwa da shi yau, zai kwana a waje cikin wannan sanyi, gobe kuma kana son shi.

Injin mota yana da radiyeta, ruwansa a rufe yake, an gauraya shi da maganin hana daskarewa. Yawancin injinan ƙananan jirage ba haka suke ba. Ruwan tafkin suke zuƙa, ya zagaya ya sanyaya su, ya fita. In ka kashe inji, wani ruwan yana nan maƙale a lunguna. Ruwa kuwa in ya daskare yana ƙaruwa da kusan kashi 9 cikin 100, wato lita 10 ta koma kusan 11. Ba shi da wurin zuwa, sai ya tura bango. Ƙarfen zubi ba ya miƙewa, tsagewa yake.

Sanyina na farko, mun dawo daga tafki da magariba, dattijon ya bar ni in kintsa jirgin. Injin irin na rataye ne a bayan jirgi. Na ɗaga ƙafarsa, wato sashen ƙasa mai ɗauke da farfela, sama, na karkace ta, don a ganina hakan ya fi tsaro, kada farfela ta bugi ƙasa. Kwana biyu aka yi ana sanyi mai tsanani. Ranar ta uku na ga ɗigon mai a kan siminti, fari-fari kamar an dama fura da nono. Na durƙusa na shafa gidan giyar injin, yatsana ya faɗa cikin wata siririyar tsaga da ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba. Cikina ya ɗuri ruwa, don na san kuɗin wannan ƙafa ya fi albashina na mako.

Bai yi mini faɗa ba. Ya sauke ƙafar ta tsaya cak, muka tsaya muna kallo, ruwan da ya narke ya riƙa tsiyayowa ta tsakiyar farfela. Ashe injin rataye an ƙera shi ne ya zubar da ruwansa da kansa, amma sai yana tsaye. Ka karkace shi, ka mai da shi ƙwarya. Sannan ya kwance ƙusar man giya ta ƙasa ya nuna mini laifi na biyu: tun kafin sanyi zaren kamun kifi ya naɗe bayan farfela, ya cinye robar da ke tare ruwa, ruwa ya shiga cikin mai. Da na duba man tun farko, da na gani.

Daga ranar na kafa wa kaina ƙa'ida. Da mun jawo jirgi kan tirela, tun a bakin ruwa, sai in sauke injin ya tsaya, in ba shi ƴan mintoci har ɗigon ƙarshe. A gida ma a tsaye yake kwana. In jirgin a cikin ruwa zai kwana, ƙafar a nutse nake barinta, domin ruwan tafki ya fi iskar dare ɗumi. Man giya kuwa ina sassauta ƙusar in ga ɗigon farko. In ruwa ya fara fitowa, ko man ya yi fari, ba za a fita ba sai an canza roba da mai.

Da safe akwai wani tarko. Famfon ruwan injin yana da wata robar fiffike da ke juyawa. In ƙanƙara ta kama ta ka tada inji, fikafikan sai su yage, inji ya yi ta gudu babu ruwa har ya ƙone, kai kuwa kana rawar ɗari ba ka kawo zafi a ranka ba. Saboda haka muna tura ƙafar cikin tafki mu bar ta ta ɗan jiƙa kafin mu tada. Sai ido ya koma kan ɗan siririn ruwan da injin ke fesowa ta gefe, wanda mu a garaji muke ce wa fitsari. In bai fito ba, a kashe nan take. Sau da yawa bakin ramin ne ya daskare, ɗan ruwan ɗumi ya ishe shi.

Injin da ke zaune cikin jirgi shi ne mai wuya, don ba ya zubar da komai da kansa. Akwai ƙusoshin tsiyaya a jikin bulo, wato gangar jikin injin, da kuma bututun hayaƙi, duk sai ka kwance su bayan kowace fita. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ramin da ka buɗe bai zubo da ruwa ba. Ba bushewa ya yi ba, tsatsa da yashi ne suka toshe shi. Ina da guntuwar waya a aljihu don wannan kawai. Ka zura, sai ruwa mai launin ƙasa ya ɓalle ya jiƙa maka hannun riga. Wasu suna zuba ruwan hana daskarewa mai launin hoda. Shi ne ya dace da jirgi. Koren na mota guba ne, bai kamata ya shiga tafkin da ake cin kifinsa ba. Amma na ga wanda ya zuƙa wa inji ruwan hodan alhali injin yana sanyi, tamostat, abin da ke buɗe wa ruwa hanya in inji ya yi zafi, bai buɗe ba, maganin ya bi ta gefe ya fice, ruwan tafki yana nan a cikin bulo. Da bazara ya kawo mana shi a tsage. Ni dai tsiyaya nake fara yi, sannan magani.

Masu hali suna sa hita a ɗakin injin, wadda aka yi musamman ba ta tartsatsi. Masu saka ƙwan fitila ko hitar ɗaki suna wasa da rai, don tururin isansi a nan ƙasa yake taruwa. Kuma ko hitar ƙwarai ce ban yarda da ita ɗari bisa ɗari ba: daren da ƙanƙara ta fi zuba, shi ne daren da take karya wayoyin lantarki. Batir a cike nake barinsa, domin wanda cajinsa ya yi ƙasa shi ke saurin daskarewa. Tanki ma a cike, kada raɓa ta taru a ciki.

Yaron ya saurara har shayinsa ya huce, sannan ya ce, "To Maigida, mu nan ai ba ruwanmu, sanyin Maradi bai daskarar da ko ruwan randa." Na ce gaskiyarka. Amma ruwa da ya kwana inda bai kamata ba, ko babu ƙanƙara ɓarna yake. Injinan ban-ruwa da masu lambu ke kawo mana daga Jiratawa da wajen tafkin Madarunfa, da yawansu tsatsa da laka ne suka kama famfon, don an ajiye su da ruwa a ciki. Akwai ɗaya a gabanmu da aka kawo jiya. Na miƙa masa sifana na ce ya kwance ƙusar ƙasa. Ya kwance, babu abin da ya fito. Ya ɗago ya dube ni, na ciro guntuwar waya daga aljihu na ba shi.