Yini Guda a Bakin Tafkin Bosomtwe

Asabar, unguwar Aboabo, Kumasi, ƙasar Ghana.

Goma na dare ta wuce. Ƙafafuna suna cikin bokitin ruwan ɗumi da Goggo ta barbaɗa wa gishiri, ni kuma ina rubutu kafin barci ya kwashe mini abin da na gani yau.

Tun jiya da na gaya mata ni da Yaya, babban ɗanta, za mu je Bosomtwe da keke, mu ƙarasa sauran da ƙafa, abin ya ƙi shiga kanta. "Babana, mota ce ta ƙare a garin? In kuɗi ne ka faɗa." Babana take ce mini, don sunan mahaifinta na ci. Na ce ba kuɗi ba ne, Goggo, so nake in taka ƙasar nan da sawuna. Ta yi shiru can, sannan ta ce, "To, jini ne." Kakanta falke ne. Daga Kano yake koro jakuna da kanwa da baƙaƙen rini zuwa Gwanja, tafiyar watanni, ya sayo goro a kasuwar Salaga. Bayan yaƙin basasar da ya watse garin a 1892 fatake suka bazu, namu daga baya suka zauna a nan ƙasar Tonawa, wato Ashanti.

Muna idar da sallar asuba muka sha koko da ƙosai a bakin titi. Mutanen ƙasar nan "Hausa koko" suke ce masa, har waɗanda ba su jin ko sannu. Yaron mota ya ɗaure mana kekunan a saman tiro-tiro, ƙaramar motar haya, muka sauka a Kuntanase. Tafkin bai fi kilomita 30 daga Kumasi ba, ta kudu maso gabas.

Daga nan hawa ne, a hankali, har numfashi ya fara fita da ƙyar. Sai kawai hanya ta karya kwana, ƙasa ta buɗe a gabanmu. Na sauke ƙafa na tsaya. Ruwa ne can ƙasa, zagayayye kamar an kifa ƙwarya an ɗauke, duwatsu masu duhun itatuwa sun yi masa zobe, hazon safe yana kwance a kansa. Bakina ya ce Subhanallahi kafin in yi tunanin faɗa.

Yaya malamin kimiyya ne a sakandare, don haka ba sai na tambaya ba. Ya ce inda muke tsaye leɓen rami ne. Wani dutse ne ya faɗo daga sararin samaniya shekara miliyan ɗaya da ɗoriya da suka wuce, ya huda ƙasa ya bar ramin da faɗinsa ya kai kilomita 10 da rabi, ruwan sama ya taru a ciki. Tafkin kansa kamar kilomita 8 ne daga gaɓa zuwa gaɓa, zurfinsa ya kusa mita 80, kuma ba kogin da ke fita daga cikinsa. A 2004 masana daga ƙasashe da dama sun zo sun haƙa ƙarƙashinsa don su karanta tarihin a jikin laka da dutse, a 2016 kuma UNESCO ta sa shi cikin wuraren da ake kiyaye halittunsu. Ina jinsa, amma idona yana kan ruwan.

Gangarar zuwa Abono ba wasa ba ce. "Riƙe birkin baya, kar ka danne na gaba!" Abin da Yaya yake ta faɗa ke nan har muka kai ƙasa, yatsuna sun sage.

Muka bar kekunan wajen wata mai shago, muka bi hanyar ƙafa da ke bin gaɓa. Ba mu yi nisa ba na ga abin da na daɗe ina jin labari. Wani masunci ya turo guntun gungume da aka fafe shi ya zama falle, ba ciki, ba gefe, tsawonsa ya ɗan fi na mutum. Padua suke ce masa. Ya hau ya zauna, ƙafafunsa suna reto cikin ruwa, ya ɗora kwando da taru a gabansa. Ba filafili. Ɗan faranti ne a kowane tafin hannunsa, da su yake tuƙi, dama da hagu, shiru, ko ƙarar ruwan ba ka ji sosai. Da can ƙoƙo ake riƙewa. Asalin abin imani ne: Tonawa suna ɗaukar tafkin wuri mai tsarki, inda rayukan matattu ke zuwa sallama, shi ya sa al'ada ta hana kwalekwale da ƙarfe a cikinsa. Ba imanina ba ne, amma na ga abin da ya haifar, ruwa mai natsuwa da mutanen da ke shigarsa da ladabi. Yanzu akwai jirgi mai inji a Abono da ke yawo da baƙi. Da ya wuce da rurinsa sai da raina ya sosu.

Da masuncin ya dawo muka leƙa kwandon. Karfasa ce ƙanana, da yawansu ba su kai tafin hannu ba. Ya ce wa Yaya da harshen Tuwi, lokacin yana yaro ba a kawo irin waɗannan gida.

Can gaba hanya ta bar ruwa ta shiga gonakin koko, wanda ake yin cakulan da shi. Inuwa mai sanyi, busasshen ganye yana ƙara a ƙarƙashin takalmi, 'ya'yan kokon rawaya da ja suna manne a jikin kututture kamar an liƙa su. Wani dattijo yana zaune kan tari yana fasa su da adda. Muka gaishe shi, ya miƙo mini ɓari guda. Na tsotsi farin naman da ke lulluɓe da ƙwayar, zaƙi da ɗan tsami. Ya nuna mana tarin da ya rufe da ganyen ayaba, zai yi kamar kwana 6 yana ruɓa kafin a shanya.

Da Yaya ya ce masa daga Kano nake, sai ya tashi ya ce in biyo shi. Ya kai ni gindin wata bishiya da ta ɗara kokon tsawo, ganyenta dogaye masu sheƙi. Ya sa sanda mai ƙugiya ya tsinko wani kore mai gurje-gurje, ya tsaga da adda. A ciki ƙwayoyi ne jere, kowace cikin farar riga. Ya ɓare ɗaya da farce, ja ya bayyana.

Goro.

Shekarata 41. An raba goro ranar sunana, an raba ranar ɗaurin aurena, ba ranar da ba na ganinsa a faifai a bakin kasuwar Kurmi. Ban taɓa ganin uwarsa ba sai yau. Wannan ne abin da ya sa kakan Goggo ya bar iyalinsa, ya ƙetare Kwara da jakuna, ya kwana a zango bayan zango. Na dafa jikin bishiyar, na kasa magana. Dattijon bai tambaye ni komai ba. Ya zuba mini sauran a hannu, ya ƙi karɓar ko sisi.

Muka yi alwala da ruwan tafkin, muka yi azahar kan wani faffaɗan dutse, muka ci soyayyen kifi da dokunu, wani tuwon masara mai tsami, da barkono a ƙauye na gaba. Zagaye tafkin duka aikin yini cur ne, don haka muka juyo.

Hawan fita daga ramin turin keke muka yi, gumi har cikin ido. Wata mata ɗauke da daron rogo a ka, da goyo a baya, ta cim mana ta wuce, ta yi mana sannu. Hanyar da na zo yi wa hutu ita take bi kullum.

Da muka iso gida na zube wa Goggo goron a cinya. Ta ɗauki ɗaya ta juya shi a hasken fitila, ta ce ɗanye ne sharaf, sai an wanke an cire rigar, an nannaɗe a ganye ya kwana biyu kafin ya yi daɗin ci. Ta ware manya uku a gefe.

"Waɗannan ka kai wa mahaifinka Kano. Ka ce masa da hannunka ka karɓo daga gindin bishiya."